Awon Sanyi a Gidan Malam Illiassou

Hamdiya ta kara tafin hannunta a jikin tagar, ta ji iska na shigowa kamar babu gilashi. Ta rubuta a takardarta: gilashi falle ɗaya, katakon ya ruɓe.

Shekara biyu ke nan da ta gama karatu a garin Bron ta samu takardar izinin wannan aiki. Duk gidan da za a sayar ko a ba da haya a Faransa, sai irinsu sun auna yadda yake riƙe ɗumi, su ba shi harafi. A shi ne mafi kyau, G mafi muni. Harafin ake liƙawa a jikin tallar gidan, shi mai saye ke fara dubawa.

Da safen nan na Janairun 2013, tana cikin tiram, jirgin ƙasan cikin gari, mai gidan ta kira ta daga Paris. Madam Roussel, Faransancinta a goge, maganarta a gaggauce. Ta ce sayarwa za ta yi, harafin D take so a ba gidan, kuma akwai wasu gidajen da za ta ba ta in sun fahimci juna. Ta ce akwai wani tsoho ɗan haya a ciki, kada a gaya masa komai, ita za ta san yadda za ta fitar da shi. Hamdiya ta ce abin da awo ya nuna shi za ta rubuta, don ƙarya ɗaya ta isa a karɓe mata izini.

Tsohon shi ne Malam Illiassou, mutumin Tahoua. Shekara talatin ya yi a masana'antar motoci kafin ya yi ritaya, har Faransanci ya zauna a bakinsa. A hawa na huɗu yake, a unguwar La Guillotière. Ya buɗe mata ƙofa sanye da kwat biyu da safar hannu. Da ya ji sunanta sai ya juya harshe zuwa Hausa, ya gaishe ta. Da ta ce ita 'yar Maraɗi ce, ya tambayi mutanen garin ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su.

Ya bi ta ɗaki ɗaki yana tari. Ta auna kaurin bango. Ta duba hitar lantarkin da ke ɗumama falo, ta tarar hitar ta girme ta. A ɗakin kwana bangon ya yi baƙi da danshi tun daga ƙasa har rufi, an janye gadon zuwa tsakiyar ɗaki. Ya ce nan matarsa ta kwanta ciwon ƙirji hunturu biyu, na ukun bai same ta ba.

Ya ce da ba haka gidan yake ba. Tsohon mai gidan yakan zo da kansa ya gyara abin da ya lalace. Da ya mutu shekara takwas da suka wuce, aka sayar wa wani kamfani, tun ranar ko ƙusa ba a buga ba. Bai taɓa ganin sabon mai gidan ba. Ɗiyarsa Zouera ce ke fama da su. Tana Paris da mijinta, Bature ne amma mutumin kirki. Duk wasiƙar da ta zo, ita yake aika wa a rufe, don idonsa ya yi rauni. Ta rubuta musu har ta gaji, in ji shi, mutanen ba su da imani.

Hamdiya ta zauna a bakin kujera ta shigar da awon a kwamfutarta. G ya fito, ja wur. Ta juya masa allon.

"Wannan shi ne na ƙarshe, ɗiyata?"

"Shi ne, Baba. Babu na ƙasa da shi."

Tsohon ya yi murmushi har ta ga gurbin haƙoransa. Ya ce yau gwamnati ta gani da idonta, dole a zo a gyara. Ya kawo mata shayi, ya sa mata albarka, ya sa wa iyayenta.

Ta ajiye shayin a gefe. Ta san babu mai zuwa gyara. Ta buɗe baki za ta gaya masa, ta tuna ba hurumin aikinta ba ne, ta rufe. Ta shiga naɗe igiyar awonta a hankali.

A bakin ƙofa ya riƙe hannun rigarta. Ya ce alfarma ɗaya yake nema: ta kira masa Zouera, ta yi mata bayanin harafin nan da bakinta, don ta samu abin da za ta tunkari mai gidan da shi. Ya ce in shi ya kira ba ta cika ɗauka ba, aiki ya yi mata yawa, amma in ta ga wata lambar za ta ɗauka.

Ya karanto lambar da ka, ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Hamdiya ta danna, ta buɗe muryar salular don kunnensa ya yi nauyi, ta riƙe a tsakaninsu. Ya gyara hularsa, ya matso da fuskarsa, yana shirin yin sallama.

Bugu ɗaya aka ɗauka. Cikin Faransancin nan mai gaggawa muryar Madam Roussel ta ce, "Kin gama awon? Ina fata dai ba ki gaya wa tsohon cewa sayarwa zan yi ba."