Kujerar Direba

Tun da aka hana ƙona man dizal, jiragen ƙasa na kaya da kansu suke tafiya. Tsofaffin kawunan jirgi kuwa an jera su a wani gidan tarihi a Kafanchan.

Ranar Asabar Baba Jatau ya kai matarsa Laraba ta ga wanda ya yi rabin rayuwarsa yana jan gyaɗa da siminti da shi zuwa Ikko. Tun daga nesa ya gane shi, saboda lotsawar da wata saniya ta yi masa a goshi.

Ya leƙa ciki. Babu kujera, babu birki, an shafe ko'ina da fenti.

"'Yata, ina kujerar direba?" ya tambayi ma'aikaciyar wurin.

Ta yi murmushi. "Baba, ai waɗannan ba su taɓa yin direba ba. Haka aka koya mana."

"Ni na tuƙa shi! Laraba, gaya mata!"

Laraba ta dubi masu gadin da suka fara matsowa. Ta kama hannun rigarsa, ta juya ga ma'aikaciyar.

"Ki yi haƙuri, 'yata. Malam tela ne. Tsufa ne kawai."