Hannun da Ba a Rufe Ba

Son a sani ciwo ne, kuma na ga inda ya kai wata.

A gidan da muke ɓoye matan da suka gudo daga dukan miji, doka ɗaya ce: ba a ɗaukar hoto. Amma wata 'yar sa-kai mai zaƙin baki ta rungume sabuwar baƙuwarmu a ƙofar gida, ta ɗauka, ta watsa a waya don a yaba mata.

"Haba Inna, ai na rufe fuskarta!" in ji ta.

Na ce, "Hannun fa, 'yar nan?"

Shatin dutsen guga na nan ɓaro-ɓaro a hannun, wanda ya ɗora shi kuwa bai manta aikinsa ba. Ya gane layinmu. Kafin la'asar yana dukan ƙofa. Ta katangar baya muka fitar da baiwar Allah da goyonta, ba ko takalmi.

Tir! Mai hoto ta rasa makullin gidan, ta rasa mai amsa gaisuwarta. Ranar da ƙanwarta ta ciki ɗaya ta zo mana da kumburarren ido, roƙonta na farko shi ne, "Don Allah kada Yaya ta san ina nan."