Jinin Baba Khamphan

Lamduan ta sauko daga motar Bangkok ta tarar da ubanta a gindin mangwaro, ɗaure da zanen mata, farcensa ja wur, yana cin shinkafa mai danƙo loma bibbiyu. A bakin ƙofa an rataye jar riga, kamar yadda aka rataye a kowane gida.

Tun farkon damina ƙauyen yake binne maza. Sai mutum ya rame, idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura, shi ke nan. Tsofaffi suka ce fatalwar bazawara ce take zagawa neman miji, da suna kuma take kiran wanda take so. Don haka maza suka koma shigar mata, wai ta iso ta ga babu namiji ta wuce, aka kuma rataye jar riga a ƙofa don korar ta.

Lamduan ba fatalwa ce ta dawo da ita ba. Ma'aikatan lafiya sun zo farfajiyar gidan ibada, suna kiran suna ana miƙa hannu, suka ɗebi jinin duk mai cin ɗanyen kifi, wato kowa da kowa, don sun ce shi ke jawo ciwon. Akwai wata alama da ke hauhawa a jini idan ciwon daji ya fara kama hanyar matsarmama. Ta innarta ta fito lafiya lau. Ta ubanta ta hau sama ƙwarai. Suka ce alama ce kawai, a kawo shi hoton ciki da gaggawa, tun wuƙar likita tana da amfani.

"Baba, gobe za mu asibitin Khon Kaen."

"Ki dube ni da kyau, 'yar nan. Na yi miki kama da mai mutuwa?"

Bai yi ba, wannan ne ma ya fi ba ta tsoro.

"Ƙyale tsohon nan," in ji Inna Thongbai daga gindin murhu, ta sauke malfa har kan gira. "Ki bari a yanke shinkafa. Kin zo da garajen 'yan birni."

Aka yanke shinkafa. Sai aka ce a bari a casa. Duk ranar da Lamduan ta tayar da maganar, uban ya dubi matarsa, matar ta dubi tukunya.

Gidan kuma ya sauya mata. Uban da ta sani da ihu da barkwanci yanzu yakan zauna ya zuba wa matarsa ido har abinci ya huce. Inna kuwa ba ta zama. Tana shafe jiki da kurkur kamar sabuwar amarya, tana susar dantse tana zagin ƙaiƙayin shinkafa, tana tura wa kyanwa rabonta na kifi. Ta fito da zannuwanta na siliki ta koya wa Lamduan yadda ake ninke su. Sau biyu Lamduan ta kama ubanta yana kuka a bayan rumbu. Tausayinsa ya cika ta, ta ce a ranta ashe duk cika bakin nan tsoron mutuwa ne.

Da ta gaji, ta kira ɗan kawunta mai a-kori-kura, suka cicciɓi tsohon yana zage-zage. Inna ba ta hana ba a wannan karon. Ta jingina da ginshiƙi, ta ce ita hanya tana wahalar da ita, ta ɗaura masa farin zaren neman tsari a wuyan hannu.

A asibiti likita ta daɗe tana yawo da na'ura a kan tumbin Baba Khamphan. Ta sa aka sake ɗibar jini. Da yamma ta kira su, fuskarta a ɗaure.

"Hantarsa fes take, jininsa ma haka. Wancan jinin na farko kuwa na mai jin jiki ne sosai, kuma wata huɗu ke nan. Irin wannan ba ya warkewa da kansa."

Lamduan ba ta tsaya jin ƙarshen ba. Ta durƙusa ta rungume ƙafafun ubanta tana dariya da hawaye.

"Baba, ka tsira! Bari in kira Inna."

Ya riƙe mata hannu. Yana kallon farin zaren nan.

"Ta sa na rantse, 'yar nan. Ta ce in na faɗa, waccan fatalwar za ta gane akwai namiji a gidan. Ranar ɗibar jini mun yi musayar suna. Da aka kira Khamphan, uwarki ce ta miƙa hannu."