Mai Tuluna a Garin Masu Ɗauka a Kafaɗa

Sagiru, tun ranar da ka ce mini kamfaninku na sabulu zai buɗe masana'anta a wata ƙasa, kuma kai za a ba riƙonta, hankalina bai kwanta ba. Ba tafiyar ce ta dame ni ba. Ai abin a gode wa Allah ne, da can mu ake kawo wa masana'anta, yau ga shi mu ne masu kai wa wasu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ka yi kana dariya, wai har mai gadi da mai dafa abinci daga nan za ku kwasa, tunda kun riga kun san aikinku. Ni karatuna bai wuce aji shida ba, ban san harkar kamfani ba. Amma ga wani misali, ka daure ka karanta shi a natse.

An yi wani maginin tukwane da Allah ya ba shi hannu. Tulunsa in ka ƙwanƙwasa sai ka ji yana amsawa garau, ruwan cikinsa kuwa ko a tsakiyar bazara sai ya kama maka haƙori. Da ciniki ya buɗe masa a garinsu da ƙauyukan kewaye, sai ya ce bari ya haye kogi ya kafa wani wurin gini a wani gari da ke gindin duwatsu. Ya sayar da shanun nomansa, ya ɗebi 'yan'uwansa maza, har yumɓu sai da ya sa aka yi ta jigilarsa a kan jakuna daga gida, wai bai yarda da ƙasar wani ba. Suka gina tuluna, suka gasa, suka jera su a kasuwa gwanin sha'awa. Matan garin suka zo, su ɗaga, su ƙwanƙwasa, su yaba, su ajiye, su wuce suna rufe baki da hannu. Kasuwa uku ta ci, ko ɗaya bai fita ba. 'Yan'uwan nasa suka fara cewa mutanen nan ba su san abu mai kyau ba, gara a tattara a koma gida. Shi kuwa ya san in ya koma, ba shanu, ba tuluna, sai dariyar gari.

Duk tsawon kwanakin nan akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa a gefen rumfarsa, kullum sai sun gaisa, amma bai taɓa tambayarta komai ba. Ran nan dai da tura ta kai bango ya durƙusa ya ce, "Iya, me tulunan nan suka yi wa mutanenku?" Ta dube shi ta ce, "Baƙo, yau kasuwa uku bakin nan yana jiranka. Gobe da safe ka same ni a rafi."

Da ya je sai ya ga abin da bai taɓa lura da shi ba, don shi kullum yana cikin rumfa. Duk matan da ke hawowa da ruwa babu mai gammo a ka. A kafaɗa suke ɗauka, kusa da ƙeya. Tsohuwa ta gaya masa cewa a wurinsu kai yana da daraja, shi yake yi wa jiki tunani, ba a ƙara masa da dakon kaya. Tulunsa kuwa mai faffaɗan ciki ne, don zama a ka aka gina shi. Bai dai yarda ba, ya cika ɗaya ya saɓa a kafaɗa. Taku uku ya yi tulu ya mirgine, ruwa ya wanke shi tun daga wuya har wando, matan rafi suka yi ta dariya har da masu zama a ƙasa. Shi ma da ya ga ba dama ya taya su.

Daga ranar ya roƙi tsohuwa ta haɗa shi da matan garin da suka iya gini. Su suka nuna masa siffar tulun da ke kwanciya a kafaɗa, dogo, da kunne na kamawa. Su kuma suka kai shi bayan dutse inda yumɓu yake jibge, jakuna suka huta. Shi kuma ya koya musu irin gashinsa da ba ya bari tulu ya tsage. Kafin damina ta faɗi, tun yana wuta ake kama tulu, har matan da suka yi masa dariya suna cewa "maginin garinmu".

To Sagiru, ni ban san irin ƙamshin da matan can suke so ba, ban san ko a rafi suke wanki ko a baho ba, kuma na tabbata kai ma ba ka sani ba. In ka sauka, kafin ka kunna inji ka nemi masu wankin ka zauna da su, ka ɗauki 'ya'yansu aiki, ba a bakin ƙofa kaɗai ba, har inda ake shawara. Ka riƙa cin abinci a kan lokaci, kuma ka riƙa kirana. Hausawa dai sun riga sun gama magana: da ɗan gari akan ci gari.