Kaskon Gidan Sitti

Masu cewa ba a sanyi a Makka ba su taɓa zama a ɗakin gwangwani a kan dutse ba. Wata la'asar, gab da shigowar sanyi, Inna tana liƙe tsagar kaskon wuta da yumɓu, ƙanena Habu yana ta tari a bayanta.

Na ce, "Inna, bana za mu ji ɗumi ke nan?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na Sitti ne, uwar ɗakina. Mu sai mu matsu da juna."

Har yau maganar nan tana ci mini rai.

Ni aka ɗora wa kaskon in kai. Ina gangarowa na ƙudurta ba zan bar ƙofar Sitti ba sai ta ba ni wani tsohon kasko nata saboda Habu, ko da za ta kira ni 'yar Takari a gaban baƙinta.