Maganin Ƙashin Yayata

"Wa yake ba ta maganin ƙarfin ƙashi?" in ji likita, fuskarsa ba annuri. "Sinadarin kalsiyam da ke cikinsa ya yi wa jininta yawa, ƙodarta na neman tsayawa."

Yayata ce kwance a wani asibiti a birnin Iloilo na ƙasar Filifin. Kwana da kwanaki tana amai, ƙishirwa ba ta sakinta, jiya ma da sunan mahaifiyarmu ta kira ni. Na ɗaga waya, ga fuskokin 'ya'yanta uku a kiran bidiyo, duk a firgice.

"Ni na aiko daga Dubai, Inna," in ji babbar. "Ƙwaya ɗaya na ce kullum!"

"Haba Yaya, ai ni ma na aiko!" in ji ƙanwarta da ke Hong Kong.

Autan, ma'aikacin jirgin ruwa, ya dafe kai, ya ce shi ma ya aiko. Nan faɗa ya kaure, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi.

Can sai yayata ta buɗe ido. Na sunkuya na ce, "Yaya, duk magungunan da suka aiko kike sha?"

Ta lashi busassun leɓɓanta. "To na wa zan ƙi? In na haɗiye na kowa da safe, sai in ji kamar duk suna gida."