Tayar Gaba

Ina shekara tara ranar da Baba ya sayi kwaɗo a kasuwar Jadid, a Sabha ta ƙasar Libiya. Sai da ya auna guda uku a tafin hannunsa, sannan ya zaɓi mafi nauyi. Don kekensa ya saya, wanda da shi yake kai burodi shagunan unguwar Mahdiya, da shi muke ci.

Da aka kira la'asar, ya zura sarƙa a tayar gaba, ya ɗaure ta da ƙarfen tagar masallaci, ya danna kwaɗon. Ni kuma ya ajiye ni a shagon wani ɗan garinmu.

Bayan sallah ya zo ya ɗauke ni, muka dawo muka tarar da tayar ita kaɗai, kwaɗo na nan daram. An kwance noti biyu, an tafi da sauran keken.

Baba ya ruga bakin titi ba takalmi, yana tare mutane da guntun Larabcinsa. Wani ya ce ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Amma Baba ba shi da takardar zama, in ya shiga ofishinsu ba lallai ya fito ba.

Ya dawo ya durƙusa gaban kwaɗon, ya yi ta gwada makulli ya kasa zura shi. Ya miƙo mini.

"Uwata, buɗe mini," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Burodin gobe a ka zan ɗauka."

Har yau ina jin warin man da kwaɗon ya bari a yatsuna. In na ga keke an ɗaure tayar gaba kaɗai, sai na tsaya na jira mai shi, ko da zan makara.